Hannun da Yaya Ya Miƙa a Yako

Da mutum yana iya janye tafiyar da ya riga ya yi, da na janye wadda na yi zuwa Badafi a kan keke, wata Laraba bayan an gama yankan dawa, shekara talatin da 'yan kai ke nan. Goro na tafi da shi a aljihu, da ƙarya a baki. Na je na gaya wa wani saurayi ɗan kokawa cewa yayana yana da ciwon ƙirji, wai likita ya ce kaye ɗaya zai kashe shi. Yaya ba shi da ciwon komai. A lokacin ko ƙofar asibiti bai taɓa takawa ba.

Yau kwana arba'in da rasuwarsa. Ni ba marubuci ba ne, a aji huɗu na bar firamare. Amma na ji yadda mutane suke ba da labarinsa, na ga in ban rubuta nawa ba, da shi za a binne ni.

Kwana uku na zaman makoki tabarmi ba su ishe mu ba, sai da aka aro na masallaci. An zo daga Bebeji da Kiru da Tudun Wada, Fulanin rugagen da ke bayanmu ma sun aiko da ƙwaryar nono. Wani dattijo ya sauka daga babur, tun daga Doguwa, yana tafiya a karkace. Ya zauna, ya shafa fatiha, sannan ya ce, "Allah ya jiƙan wanda ya sake mini tafiya. Tun ranar da ya maka ni da ƙasa, kafaɗar nan ba ta koma wurinta ba. Matata har ta rasu tana cewa na fi kyau a haka." Mutane suka fashe da dariya a wurin makoki, sai da liman ya yi gyaran murya, shi ma yana ɓoye bakinsa da rawani.

Makaɗin Yaya ya zo, idanunsa sun yi rauni sosai. Bai zo da ganga ba, ya san ba wurinta ba ne. Amma duk tsawon addu'a yatsunsa suna bugun gwiwarsa, taken Yaya suke kaɗawa, shi bai ma sani ba. Babbar 'yar Yaya ta leƙo daga zaure ta gani, ta koma ciki da gudu tana kuka.

Jikoki kuwa mamaki suka riƙa yi. Su tsoho mai sayar da tumatir a bakin hanya suka sani. Ɗayansu, har ya yi aure, ya raɗa mini, "Kaka, wai da gaske ne Baba tsoho kokawa ce sana'arsa?"

Kuma duk wanda ya zo sai ya faɗi magana ɗaya: "Mutumin da bayansa bai taɓa ƙasa a fage ba." Su yabo suke yi. Ni duk lokacin da aka faɗa sai in sunkuyar da kai, ana zaton baƙin cikin rashi ne kawai.

Garin da aka haife mu yana ƙarƙashin ruwan Tiga. Ina da wayo lokacin da aka tashe mu. Direban motar da ta kwashe kayanmu ya ƙi ɗaukar dutsen niƙan Inna, ya ce ya yi nauyi. Inna ta zauna a kansa ta ce in ba da shi ba, ruwan ya zo ya same ta. Yaya ya ɗaga ta ya sa a mota, ya ɗora dutsen a kansa, ya bi hanya da ƙafa. Sai bayan la'asar ya iso, wuyansa ya kwana uku ba ya juyawa.

A inda aka sauke mu, baƙi ne mu. Ba a wulaƙanta mu ba, amma in an tashi kwatance sai a ce "mutanen da ruwa ya kora." Kakar farko da aka kafa kokawa, Yaya ya shiga ya kayar da gwanin garin. Makaɗi ya yi masa take a nan take, ya sa sunan tsohon garinmu a ciki. Tsofaffin matanmu da suka ji ana kiran sunan da ganga suka yi ta share hawaye da bakin mayafi. Daga ranar aka sa masa Na-Ruwa. Abin dariyar, mutumin nan ruwa tsoro yake ba shi. Ya rayu shekara hamsin a bakin dam, bai taɓa shiga kwale-kwale ba. In masunta suka tsokane shi sai ya ce, "Abin da ba shi da ƙafar da zan kama, ba na wasa da shi."

Kokawa ita ce ta ciyar da gidanmu. Da an yi kaka sai mu ɗauki hanya, gari ya kira, gari ya kira, Kiru, Yako, Tudun Wada, har Doguwa gindin duwatsu. Muna dawowa da damman dawa, da rago, da turamen atamfa, wata shekara har da rediyo. Ni ne mai riƙe jaka, ni nake riga shi zuwa in gaida dattawan fage in nemo masauki. A Tudun Wada ya ci keke sabo fil. Ana miƙa masa ya turo mini ya ce, "Kai ne mai yawo, ni ƙafata ta ishe ni." Keken da na hau zuwa Badafi ke nan.

Ranar wasa ba ya magana, ɗumame kawai yake ci da safe ya sha ruwa. A fage ba ya kallon fuskar abokin karawa. "Fuska tana ƙarya," in ji shi, "ƙafa ce ba ta iya ba." Ya yi rigima da Inna shekara guda a kan layu. Ta ɗinka masa guda bakwai a kambu, ya ce suna hana shi numfashi. Ta ce in ya fita babu su ba ta yafe ba. Aka sasanta a kan zai sa su a jaka. Ni na yi ta ɗaukar su shekara ashirin, har yana ce mini, "Shi ya sa ba a taɓa kayar da kai ba."

Akwai ranar da ya kara da wani ango a Kiru, kwana shida da ɗaurin aurensa, amarya da ƙawayenta suna tsaye a bayan taro. Yaya ya samu ƙafarsa sau biyu, kowa ya gani, ya sake. Suka yi ta juyi har dattawa suka raba. A hanya na yi ta mita. Ya ce, "Na gaya masa a kunne, bana na bar wa amarya, baɗi ya zo da shiri." Da shekara ta zagayo ya kayar da shi kafin makaɗi ya gama gyara ganga.

A ɓangarenmu, in ɗan kokawa yana son karawa da wani, sai ya tsallaka fage ya durƙusa a gabansa ya miƙa masa hannu. In ya kama, an shiga. In ya mayar da hannuwansa baya, ya ƙi, kuma kowa ya gani. Sannan gwani ba ya ajiye kokawa don kansa. Zai yi ta shiga har ranar da wani na baya zai kayar da shi. A nan cikin fage zai kwance warkinsa, wato fatar da ake ɗaurawa a ƙugu, ya ɗaura wa wanda ya kayar da shi, makaɗi kuma ya koma bayan sabon. Haka Yaya ya samu nasa, daga wani tsohon gwani na wajen Tudun Wada. Na san wannan sarai. Ba zan ce ban sani ba.

Da ya kai shekara arba'in gwiwarsa ta dama ta fara ƙara in zai tashi. A wasan Kiru na shekarar ya ga wani saurayi daga Badafi, dogo, marar hayaniya, ya kayar da mutum uku a jere. A hanyar gida Yaya sai murmushi yake yi shi kaɗai.

Na ce, "Yaya, lafiya?"

Ya ce, "Na ga wanda zai kayar da ni."

"Allah ya kiyaye."

"Allah ya sa dai. Ka ga yadda yake dasa ƙafar hagu? Ba wanda ya koya masa, da shi aka haife shi. A Yako zan ba shi hannu."

Da muka isa gida ya sa matarsa ta shafe warkin da man shanu, ta shanya a inuwa.

Na daɗe ina gaya wa kaina tausayi ne ya kai ni Badafi, da tsoron kada tsofaffinmu su ga sunan garinmu a ƙasa. Akwai wannan. Amma yanzu na tsufa, ba ni da wanda zan yi wa kwalliya. Ni ƙanin Na-Ruwa ne. Duk garin da muka shiga ana ba ni benci, ana ajiye mini nama. In ya faɗi, ni wane ne? Mai noman rani da aji huɗu.

Na sami saurayin a masussuka yana bugun dawa. Ya ajiye sanda ya durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Baba. Ya mai gidan? Ince lafiya?"

Na ba shi goro, na ja shi gefe, na faɗa masa abin da na shirya. Na ga fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Innalillahi. Tun ina ƙarami nake hawa bishiya in kalle shi. Shi ya sani?"

"Bai sani ba. In ya ji, zuciyarsa ce za ta fara bugawa. Ka rantse ba za ka faɗa ba."

Ya rantse. Har ya raka ni bakin hanya yana riƙe mini keke, yana cewa Allah ya ba shi lafiya.

A Yako an cika, har kan katanga. Bayan la'asar makaɗi ya saki taken Yaya. Ya zagaya fage sau ɗaya, ya tsallaka, ya durƙusa a gaban na Badafi, ya miƙa hannu. Saurayin ya dubi hannun. Ya dube ni. Sannan ya mayar da hannuwansa baya.

Wuri ya ɗauki ihu. "Rago! Matsoraci! Tsawon banza!" Mutanen Badafi suka yi ta tura shi daga baya, ya kafe. Yaya ya daɗe a durƙushe da hannu a miƙe, ya fi yadda aka saba, har wani dattijo ya zo ya dafa kafaɗarsa. Mutanenmu suka ɗauki Yaya a kai suna murna. Ni ma na yi murna, Allah ya gani.

Ya sake miƙa masa a Tudun Wada, ya sake a Kiru da shekara ta dawo. Duka ya ƙi. 'Yan mata suka sa shi a waƙar gaɗa. Wadda yake nema ta ce ba ta auren mai ɓoye hannu. Bai kai kaka ta uku ba ya tattara ya tafi Kudu dako.

Ni kuma da na ga abin ya yi, sai na raɗa wa mutum biyu uku a cikin dattawan fage. Magana ta bi ƙasa ta zagaye. Yaya ya shiga fage, ya yi rawa, ya miƙa wa wannan ya miƙa wa wancan, kowa hannu a baya. Mutanenmu suna cewa duk ƙasar nan tsoronsa ake ji. Shi kuwa ya dawo gida ya zauna, tuwo ya huce a gabansa. A shekara ta uku ya buga ƙusa a bangon ɗakinsa ya rataye warkin. Ba ganga, ba taro.

Wata mai fura ce a kasuwar Doguwa ta tona ni, ba da nufi ba. Ta dama masa ta ce, "Sannu, Na-Ruwa. Ya ƙirjin? Mun ji abin da likita ya ce." Ya bi maganar baki baki har ta kawo shi gonata. Ina ba tumatir ruwa ya tsaya a kan kunya.

"Wane likita ne?"

Na ce, "Yaya, don kai na yi."

"Don ni. Tsohon da ya ba ni warkin nan, ranar da na kayar da shi dariya yake yi a kwance. Ya ce mini yau zai yi barci. Ni shekara uku ina durƙusa wa yara kamar mai roƙo. Da na bar wa ango, a kunnensa na gaya masa. Kai wa ka gaya wa?"

Na yi zaton zai doke ni, kuma da ya doke ni da na fi samun sauƙi. Sai ya ce, "Yaron mutane ka kashe wa suna. Kai ka kai ƙaryar, kai za ka je ka ɗauko ta." Ya juya ya tafi.

Ban je ba. Da fari na ce ai ba ya gari. Bayan shekara goma na ji ya dawo Badafi, na ce sai an gama girbi. Aka yi girbi ashirin.

Yaya bai yanke ni ba. Shi ya tsaya a auren 'ya'yana duka, shi ya yi jinyata da na karye. Amma bai ƙara yin maganar kokawa a gabana ba. In na shigo ana kiɗan 'yan kokawa a rediyo, sai ya miƙa hannu ya kashe, ya ce, "Ya gona?"

Bana bayan damina ƙafafunsa suka kumbura, ya daina fita. Wata safiya na je gaishe shi, yana kishingiɗe a tsakar gida.

Ya ce, "Keken nan yana nan?"

"Ai ya daɗe da mutuwa, Yaya."

"To ka hau mota."

Na gane inda yake nufi. Na hau ƙaramar bas zuwa Kiru, na hau babur zuwa Badafi. Na sami mutumin a ƙofar gidansa yana ɓare masara, furfura ta cika masa gemu. Ya tashi ya ba ni tabarma, ya gaishe ni kamar jiya muka rabu. Na faɗa masa komai, ban rage ba.

Ya ci gaba da ɓarar masararsa. Can ya ce, "Na daɗe da sani, Baba. Shekarar da na dawo na hango shi a kasuwa ya ɗauki buhu biyu. Mai ciwon ƙirji ba ya haka."

"Me ya hana ka magana?"

"Rantsuwa ka sa na yi. Ba ka zo ka kwance ba."

Ban san lokacin da na fara kuka ba, tsoho da ni, a ƙofar gidan mutane. Ya bar ni na gama. Sannan ya shiga ya sako riga ya ce mu tafi.

Da hantsi washegari aka yi karawar. Matar Yaya ta share tsakar gida ta kori kaji. Ba kowa sai mu huɗu. Yaya ya sa aka sauko da warkin, ya ɗaura a kan wando, igiyar ta zagaye shi sau biyu saboda rama. Na kama shi ya miƙe. Ya ture hannuna. Durƙuso ya gagara, sai ya ɗan sunkuya, ya miƙa hannu.

Na Badafi ya kama da hannu biyu.

Yaya ya ce, "Kada ka tausaya mini. An riga an yi mini wannan."

"Ba zan tausaya ba, Baba."

"Ƙarya kake, fuskarka ta nuna. Bari in ga ƙafar."

Suka sarƙe. Wallahi sai ga ƙafar Yaya, kumburarriya, ta zagaya ta harɗe ta hagun mutumin, har ya yi tangaɗi na gaske, ya ce, "Kai!" Matar Yaya ta saki tsintsiya. Sannan na Badafi ya gyara tsayuwa, ya sa hannu a ƙugunsa, ya ɗaga shi cak, ya sauke shi a hankali har bayansa ya kwanta a ƙasa.

Yaya yana kwance yana kallon sama, yana haki. Sai ya fara dariya, tari yana katse shi.

Ya ce, "Ashe haka sama take daga nan. Shekara nawa ina aiko mutane su gani."

Matarsa ta ce, "To malam, an gani. A tashi haka, ƙasa da sanyi."

"Bar ni tukuna."

A kwancen ya kwance warkin ya miƙa. Mutumin ya karɓa ya riƙe a ƙirji. Ya ce, "Baba, ni yanzu ba ni da fagen da zan sa shi."

"Na sani. Naka ne tun a Yako. Ajiya kawai na yi."

Kwana tara bayan nan Allah ya karɓi abinsa, da rana tsaka, kansa a kan cinyar babbar 'yarsa. A kwanakin nan tara ya yi mini hirar kokawa fiye da ta shekara talatin, wa ya kayar a ina, wa ya kusa kayar da shi. Na nemi gafararsa ya ce, "Tun a gonar tumatir na yafe. Jira nake ka je."

Na Badafi ma na roƙe shi, ranar da na raka shi bakin titi. Ya ce, "Na yafe, Baba, don Allah. Amma da na so in san ko zan iya kayar da shi lokacin da yake shi ne." Babur ya zo ya hau.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yalwata masa kabari, ya haɗa shi da Inna a inda ba a tashin kowa. Ku da kuka karanta, ku yi masa addu'a, ku sa da mutumin Badafi, in da saura ku sa da ni.

Roƙona ɗaya ne. In kuna jin tsoron wani abu ga babbanku, ku je ku zauna a gabansa ku faɗa masa, ko zai yi muku faɗa. Kada ku zagaya ta bayansa ku shirya masa rayuwa, kuna cewa ƙauna ce. In kuma kun riga kun yi, kada ku jira a gama girbi. Daga ƙofar gidana zuwa Badafi tafiyar rabin yini ce, ni na yi ta a shekara talatin.